Ma'aikacin Da Ke Ƙarshen Layi



Sa'ad da shugabanninku suka kawo mini takardar gayyata, na ga sun rubuta cewa suna so in yi magana a kan yadda ma'aikata ke isar da saƙo a tsakaninsu a wannan zamani da aka ce ofis ya tashi daga gini ya koma cikin waya, watau wani yana aiki daga gida, wani daga ofis, wani kuma daga wata ƙasa can ƙetaren teku, alhali kuwa duk ubangidansu ɗaya ne. Na ce musu ni ban taɓa aiki a Landan ko Dubai ba. Iyakar abin da na sani shi ne aikin gwamnati da na yi a ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda na ci ƙuruciyata, na kuma yi furfura. Suka ce ai shi suke so. To, shi zan faɗa, kuma ina ganin ba zai yi nisa da abin da suka nema ba, domin mu mutanen wancan yanki mun daɗe muna yi wa shugabannin da ba mu ganinsu aiki, tun kafin a san wani abu wai shi intanet.

Maganata guda ce, sauran duk misalai ne. A wurin aiki, saƙo bai isa ba don kawai an aika shi. Sai wanda ke ƙarshen layi ya karɓa, ya gane abin da ake nufi, sa'an nan ya sami hanyar da zai mayar da amsa a saurare shi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, to, hedkwata da kanta kawai take magana.

Bari mu fara da Sakkwato. Bayan da Alƙalawa ta faɗi a 1808, yaƙin da Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yake cikin jarumansa, sai shugabannin jihadi suka sami kansu da wata irin ƙasa da ba a taɓa riƙe irinta ba a wannan yanki: daga Sakkwato zuwa Adamawa tafiyar makonni ce a kan doki. Yaya Sarkin Musulmi zai san abin da ke faruwa a Bauci ko Katagum? Dabarar da suka yi ita ce ta ƙofa. Kowace masarauta tana da wani babba a Sakkwato wanda ta hannunsa saƙonta ke shiga, ta hannunsa amsa ke fita. Waziri, tun daga Gidaɗo ɗan Laima a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ne babbar ƙofar masarautun gabas, kuma yakan fita rangadi da kansa ya gane wa idonsa. Wasiƙu da Larabci ake rubuta su, a buga musu hatimi don kada a yi shakkar daga inda suka fito, a kuma danƙa su ga manzon da aka sani, wanda zai iya ƙara bayani da baki in an tambaye shi. Da yawa daga cikin waɗannan wasiƙu sun tsira, kuma da irinsu, tare da taimakon Waziri Junaidu, Murray Last ya rubuta littafinsa na tarihin daular wanda ya fito a 1967. Abin da nake so ku lura da shi a nan shi ne, sarkin da ke nesa ya san sunan mutumin da zai kai wa kukansa. Nawa ne daga cikin malaman firamare na ƙauyukan Zurmi a yau za su iya faɗa muku sunan mutum guda a Gusau wanda nauyin sauraronsu ke wuyansa?

Misali na biyu shi ne wanda ya fi kusa da zuciyata, domin a gefen tashar jirgi na tashi. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura Namoda, a nan kuma ya tsaya. Ƙaura ita ce ƙarshen layi. Daga nan ake loda gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko, kuma daga nan hanya ke rabuwa biyu, ɗaya ta nufi Shinkafi da Isa, ɗaya ta nufi Zurmi da Jibiya. Hedkwatar reluwe tana can Ebute Metta a Ikko, ma'aikatanta kuwa sun warwatsu a tashoshi barkatai, Yarbawa da Ibo da Hausawa da Nufawa da sauransu, mafi yawansu har suka yi ritaya ba su taɓa ganin fuskar babban manaja ba. Amma jirgi yana tafiya, kuma ba kasafai ake jin biyu sun yi karo ba, ko da yake layin ɗaya ne tak, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi.

Me ya hana karo? Wata sanda ce ta ƙarfe. Direba ba ya barin tasha sai mai kula da tashar ya miƙa masa wannan sanda, wadda ita ce shaidar cewa shi kaɗai ne a kan layi daga nan zuwa tasha ta gaba. Sandar kuwa a cikin na'ura take a kulle, kuma na'urar ba ta sakinta sai mai kula da tasha ta gaba ya amince daga can ta hanyar waya. Da zarar sanda ɗaya ta fita, wata ba za ta fita ba a kowane ɓangare sai an mayar da ta farko. Ku dubi hikimar da ke ciki. Ba a yarda mai aika saƙo ya ce, "Ai na aika," ya naɗe hannu ba. Dole sai na can ya amsa, in bai amsa ba jirgi ba ya motsi, ko da kuwa Gwamna ne a ciki. Waɗanda suka tsara wannan ba su dogara ga kirkin ma'aikaci ko ƙwaƙwalwarsa ba. Sun gina amsar a cikin aikin kansa.

Akwai wani abu kuma da reluwe ta koya mana, wanda shugabanni ba su cika son ji ba. A watan Yuni na 1945 ma'aikata suka shiga yajin aiki na gama-gari a kan tsadar rayuwa, Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe yana cikin jagororinsa, aka kwashe fiye da kwana 40 ana yi. Ba gwamnati ce ta aika wa tashoshi sanarwar yajin ba. Labari ya bi dogo ne daga bakin direba zuwa bakin mai zuba gawayi, daga tasha zuwa tasha. Ma'ana, ma'aikata suna da tasu hanyar sadarwa ko shugaba ya so ko bai so ba. In hedkwata ta yi shiru a kan albashi, ko canjin wurin aiki, ko rage ma'aikata, ba shiru za a zauna ba. Jita-jita ce za ta cike gurbin, ita kuwa ba ta jiran sa hannun babban sakatare.

Jirgin nan ya daɗe da daina zuwa Ƙaura yadda ya saba, wannan kuma wani bakin ciki ne na daban, ba shi ya tara mu ba.

Yanzu bari in sauko kan kaina. Lokacin da na kama aiki, an riga an yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, En'e ta zama tarihi, amma al'adunta na ofis suna nan. Akwai masinja da kekensa da littafin aika takardu. Duk takardar da ya kai, sai wanda ya karɓa ya sa hannu ya rubuta kwanan wata. Mu samari muna raina wannan littafi, muna ganinsa kayan tsofaffi. Wata rana aka kira mu taro a hedkwata, taron ranar Talata ne, takardar kuwa ta iso hannuna ranar Alhamis, bayan an yi an watse. Ba a daɗe ba sai ga takardar tuhuma, wai in bayyana dalilin da ya sa na ƙi halartar taro. Abin da ya ba ni mamaki, har yau kuma yana ba ni dariya, shi ne ita takardar tuhumar kwana ɗaya tak ta yi a hanya, domin direba aka ba musamman ya kawo ta hannu da hannu. Ashe ofis ya san yadda ake isar da saƙo in ya ga dama! Abin da ya cece ni shi ne littafin masinjan nan da nake rainawa, domin ga sa hannuna ga kwanan wata. Tun daga ranar na daina yi wa tsoho dariya.

Da wayar salula ta shigo a 2001, muka ce wahala ta ƙare. Haƙiƙa kuwa ta rage ƙwarai, ba zan yi butulci ba. Malamin asibiti a Shinkafi da a da sai ya shiga mota ya je neman magani, ya iske ma'aji ba ya nan, yanzu sai ya buga waya tukuna. Daga baya WhatsApp ya zo, kowane sashe ya buɗe zaurensa. A 2020 da annobar korona ta sauka, Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida su yi aiki daga can, aka shiga yin taro ta kwamfuta, kowa a ɗakinsa. Amma sai wata sabuwar cuta ta ɓullo. A zauren WhatsApp, sanarwar ranar tantance ma'aikata tana nutsewa a tsakanin gaisuwar Juma'a da hoton ɗaurin aure da ta'aziyya. Shugaba ya tura, ya ga alamar cewa saƙo ya shiga, shi ke nan a wurinsa an sanar da kowa. Bai san cewa wayar malamin da ke ƙauye tana hannun mai caji a kasuwa ba, ko kuwa sai ya hau tudu kafin ya sami layi. Mun sami sauri, muka yar da sa hannun da ke cikin littafin masinja.

Sai kuma ga watan Satumba na 2021. Saboda matsalar 'yan bindiga, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jihar ta lokacin Gwamna Bello Matawalle. An kuma rufe kasuwannin mako-mako. An maido da layi a Gusau a farkon Oktoba, amma sanarwar maido da na sauran wurare sai a ƙarshen Nuwamba ta fito. Ba na nan don in yanke hukunci a kan ko matakin ya yi amfani ta fuskar tsaro. Wannan na masana tsaro ne. Abin da na gani shi ne abin da ya sami aiki. Dare ɗaya, ofisoshin da suka mayar da komai nasu cikin waya suka kurmance. Mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha, wasu suna tafiya har wata jiha don su buga waya ta minti biyar. Ofishin da ke da tsohon ma'aikaci wanda ya san wane direba ne ke tashi da asuba, wane mai unguwa ne ke da amana, shi ya ci gaba da numfashi. Wanda ya kori masinja don ya sayi data, sai ya zauna yana kallon bango. Ku da za ku riƙe ofisoshin gobe, ku riƙe wannan: duk saƙon da rai ko albashi ya rataya a kansa, kada ya kasance hanyarsa ɗaya ce.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan saƙon da ke sauka daga sama ne. Wanda ya fi wuya, wanda kuma ya fi damuna, shi ne mai hawa daga ƙasa. Hanyar Gusau zuwa Zurmi tsawonta ɗaya ne ko ta ina ka taso, amma a aikin gwamnati umarni yana gangarowa kamar ruwa, rahoto kuwa yana hawa kamar mai ɗauke da buhu. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mun taso cikin tarbiyyar da ta hana ƙarami ya kawo wa babba labari marar daɗi kai tsaye. Ka tambayi ma'aikaci, "Yaya aiki?" ya ce, "Da godiya." Ka ce, "Akwai matsala?" ya ce, "Babu komai, ranka ya daɗe," alhali rufin ajin ya yaye tun damina, rabin yara sun daina zuwa. Wannan ladabi ne mai kyau a zaure, amma a ofis yana iya zama sanadin asarar rai. Malamin asibiti ya ga yara uku sun zo da irin ciwo ɗaya daga ƙauye ɗaya, ya ji tsoron kada a ce ya cika ƙorafi, ko a ce yana ɓata sunan ƙaramar hukuma, ya yi shiru ya jira rahoton ƙarshen wata. Shi ma wanda ya karɓi rahoton ya ɗan sassauta kalmomin kafin ya tura gaba, na gaba ma ya ƙara sassautawa. Kafin takarda ta kai teburin da ake yanke shawara, gobara ta zama ɗan hayaƙi.

Laifin ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne shi kaɗai. Ya lura ne da abin da ya sami wanda ya faɗi gaskiya kafin shi. In wanda ya kawo rahoton cewa hanya ba ta biyuwa, ko cewa malamai sun gudu daga makaranta saboda tsoro, sakamakonsa shi ne tuhuma ko a jefa shi wani wuri mafi haɗari, to, kowa ya koyi darasi, kuma daga ranar shugaba ba zai ƙara jin komai ba sai "lafiya lau". Ni a ganina, ba a auna shugaban ofis da yawan sanarwar da ya fitar. A tambaye shi: yaushe rabon da wani na ƙasa da kai ya faɗa maka abin da ba ka so ji ba, me kuma ka yi masa?

A nan ne sabon tsarin nan na rabi a ofis rabi a nesa yake da wani haɗari da ba a cika faɗa ba. A yi taro ta waya, na Gusau suna zaune a ɗaki ɗaya, na Shinkafi yana ta faman "ba na jin ku", layi yana yankewa. A rufe taro, na Shinkafi ya kashe wayarsa yana zaton an gama. Su kuwa na ɗakin sai su fito tare, su yi sallar Azahar tare, a gindin bishiya a warware abin da aka ƙulla, a ƙulla wani. Shi ba zai ji ba sai bayan mako biyu, a bakin direba. Haka kuma in ƙarin girma ya zo, ko tafiya kwas, wanda ake gani kullum shi ake tunawa. Wanda ke can inda aikin ya fi wuya, inda ake kwana da ido ɗaya, sunansa ma sai an duba fayil. Maganin wannan ba na'ura ba ce. Doka ce mai sauƙi da shugaba zai ɗora wa kansa: duk shawarar da ba a rubuta an aika wa wanda ba ya nan ba, ba a yanke ta ba tukuna.

Kada kuma ku ce maganar ma'aikatan da suka bazu a ƙasashen duniya ba ta shafe mu ba. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda gidajen rediyo ke kira Likitoci Na-gari Na-kowa, ta yi shekaru tana aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, musamman wajen kula da yara masu tamowa. Ma'aikaciyar jinya 'yar Zurmi da ke irin wannan aiki, rahotonta yana bi ta Abuja har ya kai wani ofis a Turai. Wasunku ma, ina da labari, tun suna ɗalibai suke yi wa kamfanonin waje aiki ta kwamfuta. To, a irin wannan aiki sai an yi hattara da abubuwan da kowa ke ɗauka kowa ya sani. Wanda ke Turai ya sa taro ranar Juma'a da ƙarfe biyu, bai san masallaci za a tafi ba. Ya tsara fita aikin rigakafi ranar Alhamis a Shinkafi, bai san ranar kasuwa ce ba, ba zai iske kowa a gida ba. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne, kuma ba zai sani ba sai kai ka faɗa masa. In ka yi kara ka yi shiru, aikin ya lalace, ku biyu kuka lalata shi.

Harshe ma haka. Bar ta Turanci, wanda ake rubuta sanarwa da shi a kai wa mutumin da zai koma ya fassara wa jama'a da Hausa gwargwadon abin da ya fahimta. Ko a cikin Hausar akwai tarko. A wajenmu in ka ce gujiya, gyaɗa kake nufi. Bakano kuwa in ya ji gujiya, abin da mu muke kira kwaruru shi zai kawo maka. Ku ɗauka malamin gona daga Kano ne aka turo, aka ce masa manoma suna neman irin gujiya, shi kuma bai tambaya ba. Hausa aka yi masa, da Hausa ya ji, amma saƙo bai isa ba. Shi ya sa tsofaffin sarakuna in sun aiki mutum sukan ce ya maimaita abin da aka faɗa masa kafin ya tashi. Ba raini ba ne.

Galibinku nan da shekara ɗaya ko biyu za ku sami kanku a bakin tebur, a ce ku rubuta sanarwa. Za ku ji sha'awar nuna cewa kun yi jami'a, ku cika takarda da manyan kalmomi. Kafin ku ɗora alƙalami, ku kawo a ranku mutum ɗaya: hedimasta a wani ƙauye bayan Zurmi, wanda cajin wayarsa ya kusa ƙarewa, wanda zai karanta saƙonku sau ɗaya a tsaye a bakin hanya. Layin farko ya faɗa masa abin da ake so ya yi, da rana, da wuri, da abin da zai riƙo. In tafiya ce, ku tuna ba kowace sa'a ake bin hanyar ba, ku ba shi kwanakin da zai nemi mota da rana tsaka, kada ku kira shi taron ƙarfe takwas na safe da zai tilasta masa fita cikin duhu. Ku sa sunan wanda zai tuntuɓa in bai gane ba, mutum mai suna da lamba, ba "hukuma" ba. Sa'an nan ku buɗe shafi a littafi, ko a kwamfuta in kun fi so, ku jera sunayen duk waɗanda aka aika wa, ku riƙa sa alama a gaban wanda ya amsa. Washegari ku duba waɗanda ba su amsa ba. In sun kai biyar, kada ku rubuta musu tuhuma. Ku tashi ku je tashar mota ku nemi direban da zai bi ta wajensu.

Shugaban taro, na ga ana ɗaga mini agogo.